Matakalar Inna

Bayan la'asar muka shiga kasuwar motoci ta kudancin Jidda,
ni da Badamasi bakanike, awon tela a aljihuna,
sai Inna, da ta rantse ba za a saya mata ɗaki a bayan idonta ba.

Bas uku a jere, duk ruwan ɗorawa,
sun gama aikin jigilar 'yan makaranta,
suna tsaye shiru kamar tsofaffin malamai a layin fansho.

Ta farko haifaffiyar Jidda ce.
Fenti na sheƙi, dillali na rantsuwa.
Badamasi bai ce uffan ba,
ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ya soka sukudireba sau ɗaya tak,
tsatsa ta zubo masa a gemu kamar garin yaji.
Iskar teku ce, in ji shi. Gishiri ba ya yafe bashi.

Ta biyu daga Ƙasim aka gangaro da ita.
Murɗa ɗaya injin ya amsa, ba tari, ba baƙin hayaƙi.
Badamasi ya kara kunne a jikinta, ya lumshe ido
kamar mai sauraren ƙira'a.
Na ja awo daga ƙofa har ƙurya:
nan murhun Rumasa'u, nan tankin ruwa,
nan gado hawa biyu na tagwaye,
nan inda mutum huɗu za su yi sahu in an matsa.
Na riga na ga hazon Baha a gilashi,
na ji sanyin Abha a wuyana,
birai na leƙen tukunya ta taga.

Sai Inna ta ɗaga ƙafa.
Ta sauke.
Ta sake ɗagawa.
Ta ce, ɗan nan, gwiwata ba ta sa hannu ba.

Ta uku ba wanda ya nuna mana ita.
'Yar Ɗa'if ce, ta makarantar 'yan mata ƙanana,
labulenta ya koɗe, lagireto na ɗiga,
na'urar sanyi na kakari kamar mai mura,
ƙidayar kilomita kuwa, gara kar a faɗa.
Amma matakalarta a ƙasa-ƙasa take,
an ƙera ta don ƙafar 'yar aji ɗaya.
Inna ta hau ba ta nemi kafaɗar kowa ba.

Ta wuce kujera goma, ta zauna a ta sha ɗaya, gefen taga.
Ƙarƙashi cingam ya daskare, ga guntun fensir da aka tauna,
a bayan kujerar gaba wani ɗan hannu ya karta da Larabci:
wa zai kai ni in ga teku?

Na karanta mata. Ta daɗe ba ta tanka ba.
Can ta ce, uwata daga Haɗeja ta taso da ƙafa,
shekara bakwai, tana tsintar auduga a Jazira don guzuri,
ta haife ni dab da Sawakin, jirgi bai zo ba tukuna.
Gidanmu a lokacin ƙunshi ne, a ka ake ɗaukarsa.
Ashe zan ga ranar da gida zai ɗauke ni.

Dillali ya ce riyal dubu ashirin da takwas.
Muka sha shayi, muka tashi, aka jawo mu,
muka sake shan shayi.
Ashirin da huɗu, takardu a kansa.
Badamasi na goge hannu da tsumma yana girgiza kai:
matakala ka saya, Ilyasu, bas ɗin gyara aka ba ka.

Gobe za mu fara kwance kujeru.
Na gaya masa ya bar ta sha ɗaya, da wadda ke gabanta.
Dutse zai jira mu.
In lagireto ya yarda, Juma'a mai zuwa
bakin ruwa za mu fara zuwa,
a juya tagar nan ta fuskanci teku.